Da Sunan Yayansa

A kan ƙyauren ƙofa aka kawo Mosuke gida. Mutum huɗu suka ɗauko shi daga bakin teku, suna tafe suna hutawa, don hanyar tudu ce, ga ruwan sama ya sa duwatsun santsi. Ƙarshen kaka ne, lokacin da jiragen da suka je arewa sarin busasshen kifi ke rige-rigen komawa Osaka kafin iskar hunturu ta tsare musu hanya. Nasu jirgin ko tashar bai shigo ba. Daga nesa ya tsaya, aka sauko da mutumin a ƙaramin kwalekwale.

Rokuzo, babban ma'aikatan jirgin, shi ya yi gaba ya ƙwanƙwasa. Maigidan ya fito yana goge baki, da alama daga kan abinci ya taso.

"Mun kawo Kihei," in ji Rokuzo. Sai ya sosa ƙeya, don wanda yake gaya wa maganar shi ne Kihei. "Ƙanenka nake nufi. Igiya ce ta tsinke mana cikin guguwa, gungumen filafilin jirgi ya sauko masa a ƙugu. Tun ranar bai san yana da ƙafafu ba."

Ba suɓutar baki Rokuzo ya yi ba. A jirgi Kihei ake kiran Mosuke, haka kuma aka rubuta shi a littafin ma'aikata na gidan masu jirgi tun yana ɗan dafa wa matuƙa shinkafa. A lokacin ɗan fari kawai suke ɗauka daga kowane gida, don gidan ya zame musu jingina. Ubansu ya ga ba zai iya jefa magajinsa a ruwa ba, sai ya tura ƙaramin da sunan babban. Babu wanda bai san wannan ba a garin. Duk ƙarshen shekara Kihei na gaskiya ke saka rigarsa ta fita kunya, ya hau gidan masu jirgi, ya buga hatimi, ya karɓo ladan. Mosuke ya yi furfura a kan ruwa bai yi aure ba, don kullum ana ce masa baɗi za a yankar masa fili a gina masa nasa gidan.

Ranar nan Kihei ya yi kuka da hawaye. Ya sa aka shimfiɗa wa ƙanensa katifa kusa da murhun tsakiyar ɗaki, inda ya fi ko'ina ɗumi.

"Ka kwantar da hankalinka," ya ce yana riƙe da hannunsa. "Rufin nan da guminka aka yi shi. Muddin ina numfashi ba za ka wulaƙanta ba."

Matarsa Riki ta dafa farar shinkafa da miyar kifi, ta zauna ta ba shi a baki da hannunta. Mosuke ya ci, ya dubi hayaƙi yana hawa sama, ya ji a ransa cewa ko ba komai yana da gida.

Da dusar ƙanƙara ta fara zuba, matuƙa suka dawo daga Osaka a ƙafa kamar yadda suka saba, bayan sun ɗaure jirginsu sai bazara. Rokuzo ya biyo da albishir. Masu jirgi sun duba littafi, sun ga shekarun da aka yi musu aiki, sun yanke cewa za a riƙa kawo buhun shinkafa duk wata har iyakar ran wanda ya nakasa. Ba a yi mako ba buhun farko ya iso. Riki ta tsoma hannu ciki har gwiwar hannu, ta damƙo ta sake, tana murmushi.

"Yaya," in ji Mosuke daga kwance, "tun da abin ya samu, a sayar da kaɗan a kira mini likitan nan na birni. Rokuzo ya ce ya taɓa tayar da wani da ya faɗo daga kan rufi."

"Cikin wannan ƙanƙarar? Wa zai zo? Bari hanya ta buɗe."

"To, sunan fa? Tun da na bar ruwa, a je a gyara. A rubuta Mosuke."

Kihei ya ɗauki lofensa ya daɗe yana cusa masa taba.

"Kai ma dai da yarinta. Yanzu mutane sun yi mana alheri, sai mu je mu ce musu ubanmu ya yi musu ƙarya? Yana kabari mu tona masa asiri? Suna fa ba ya cika ciki. Buhun nan ai gidanka yake shigowa."

Mosuke ya haƙura. Bai saba musu da yayansa ba, kamar yadda bai saba musu da sarkin jirgi ba.

Matsalar mai kwanciya ba ta ɓoyuwa. Ba ya jin lokacin da fitsari zai zo masa, ba ya jin na bayan gida. Da farko Riki kan wanke shimfiɗar ba ta ce komai ba. Daga baya ta fara wankewa tana tsaki. Daga nan ta koma sai ta ga dama. Ana cikin haka maganar auren ɗansu Shinkichi ta taso, dillaliyar aure ta fara zarya a gidan. Ranar da ta zo karo na biyu, tana zama ta ɗaga hannun riga ta rufe hanci. Tana fita Riki ta tsaya a kan mijinta.

"Ka gani ko? Gidan masu sayar da gishiri ne fa, ba ƙananan mutane ba. In matar nan ta je ta ce musu gidanmu wari yake, shi ke nan."

Da yammacin ranar Kihei da ɗansa suka kama katifar, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa, suka kai shi ɗakin ajiya na bayan madafa, tsakanin tulunan gishiri da tsofaffin kwanduna.

"Na 'yan kwanaki ne," in ji Kihei. "Kuma nan ya fi shiru, za ka fi samun barci."

"Babu wuta a nan, Yaya."

"Za a kawo maka kaskon garwashi."

An kawo kwana biyu. A na uku Riki ta ce tana tsoron gobara, tun da shi ba ya iya tashi in wani abu ya kama.

Abinci ma ya sauya. Farar shinkafa ta koma faten gero da ganye, ruwa-ruwa. Ta jikin bango yana jin ƙamshin shinkafarsa tana dahuwa, yana jin ƙarar murfin tukunya, yana jin Shinkichi yana cewa a ƙara masa. Wata rana da Riki ta ajiye masa ƙoƙon ta juya, ya kira ta.

"Matar yaya, shinkafar ta ƙare ne?"

"Shinkafa tana da nauyi ga wanda ba ya motsi. Cikinka za ta ɗaure, ni kuma in sha wahala. Don lafiyarka nake yi." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ka san ko nawa itace yake yanzu? Ruwan zafin da nake wanke ƙazantarka da shi daga sama yake faɗowa? Ko 'yar aiki aka ɗauka, abin da za ta ci ya fi buhun nan."

Hanya ta buɗe, ƙanƙara ta narke, likita bai zo ba. Kihei ya ce ai kuɗin ya tafi wajen kayan aure, bayan biki za a kira shi. Matuƙa suka kama hanyar Osaka. Mosuke ya ji wucewarsu ta bayan gida, takalman ciyawarsu suna taka laka, suna tsokanar juna. Ya gane muryar kowa. Ya buɗe baki zai kira wani, sai ya tuna yadda ɗakin yake wari, ya fasa.

Bayansa ya fara ruɓewa daga kwanciya wuri ɗaya. Shi bai ji zafi ba, abin da ya gani kawai jini da ruwa a shimfiɗa. Hannayen da ke jan igiya mai kaurin damtse suka zama kamar sillen kara. Ya koyi juya kansa ta hanyar kama ginshiƙi, amma in hannun ya suɓuce sai ya zauna a yadda ya faɗi har wani ya shigo.

Ana saura kwana kaɗan biki aka ce ana bukatar ɗakin ajiya don tulunan giya. Wannan karon rumfar tsofaffin taru aka kai shi, can ƙarshen tsakar gida. Katako ne aka jera, iska na shiga ta kowace kafa, ƙasa kuma yashi.

"Yanzu ai zafi ya shigo," in ji Kihei, bai yarda sun haɗa ido ba. "Kai da ka saba da iskar teku."

"Ba zan ga amaryar ba?"

"Za ka gan ta mana. Bari baƙi su watse."

Daga rumfar ya ji bikin. Ya ji ganga, ya ji waƙa, ya ji wani daga dangin amarya yana yabon gidan, yana cewa daga ganin ginshiƙan nan an san maigidan ya sha gwagwarmaya da teku. Ya ji Kihei yana dariya yana cewa ai ba komai, wahala ce dai ta wuce. Ranar ba a tuna an kawo masa ko faten geron ba.

Bayan biki aka ɗora wa amarya kai masa abinci. Sayo sunanta, yarinya mai sanyin murya. Takan ajiye ƙoƙon a bakin ƙofa ta tura shi da sanda, kamar yadda aka nuna mata. Rana ta huɗu ko ta biyar ya yi mata magana.

"Ke ce matar Shinkichi?"

"Ni ce, tsoho."

"Me suka ce miki game da ni?"

"Sun ce kai tsohon baran gidan ne. Wai ka taɓu kaɗan, ana riƙe da kai don tausayi."

Mosuke ya daɗe yana kallon rufi.

"Ni baffan mijinki ne. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da surukinki. Shinkafar da kika dafa yau, ƙuguna aka biya da ita."

Sayo ta ja da baya, ta tafi da sauri. Ya ɗauka ba za ta dawo ba. Kashegari ta dawo, ta shigo har ciki, ta durƙusa ta ajiye ƙoƙon da hannu biyu. Ƙarƙashin geron ta ɓoye dunƙulen shinkafa. Da ta ga bayansa sai ta rufe baki ta fita, ta dawo da ruwan ɗumi da tsumma.

"Baffa, ka yi haƙuri, ban sani ba."

Ta yi haka na ɗan lokaci, har Riki ta kama ta tana ɗibar ruwan zafi. Mosuke ya ji faɗan daga inda yake.

"Jiya-jiya kika zo, har kin fi mu sanin ɗan'uwanmu? Mu da muka ɗauki kashinsa hunturu guda? In tausayi ya yi miki yawa, kwashe shi ki kai gidan ubanki."

Daga ranar Riki ta koma kai abincin da kanta. Ta sa aka yi wa ƙofar rumfar sakata ta waje, wai saboda karnuka.

Tsakiyar bazara jirginsu ya ratso garin zai ɗauki ruwan sha, Rokuzo ya samu ya hawo. Da Riki ta zare masa sakata ya leƙa, sai da ya dafa katako. Mutumin da suka yi shekara da shekaru suna kwana kafaɗa da kafaɗa, ga shi nan cikin yashi, gemu ya cukurkuɗe, ƙudaje na bin shimfiɗarsa.

"Kihei," ya ce a hankali.

"Mosuke," in ji na kwance. "A tudu Mosuke nake. Zauna, in za ka iya jure warin."

Rokuzo ya tsuguna. Ya fito da ɗan ƙullin taba da alewa ya ajiye.

"Abu ɗaya nake roƙonka," in ji Mosuke. "Ka hau gidan masu jirgi ka gaya musu gaskiya. Kai suna jin maganarka. A rubuta sunana, a kai buhun haikali. Masu ibada suna da ɗaki na marasa galihu, an ce suna wanke mutum. Ba na neman fiye da haka."

Rokuzo ya daɗe yana zane a yashi da yatsa.

"Ka san tsohon mai jirgin ya ajiye aiki, ɗansa ne yanzu. Ya kawo sabon akawu daga Osaka, mutumin ba ya wasa. In na buɗe baki a kan naka, zai bi littafin nan layi-layi. Ka san gida nawa suka yi abin da ubanku ya yi? Ni kaina ɗana da sunan wansa yake jirgi. Za su kori rabin garin nan. Mutane su ci me?"

"Ni ma abin da nake tambaya ke nan. In ci me?"

"Zan yi wa yayanka magana. Zan ja masa kunne sosai."

Ya yi wa Kihei maganar, a kan tabarma, da kofin giya a gabansu. Kihei ya girgiza kai ya ce babu wanda ya san abin da suke sha. Mutumin ya zama mai rigima, ya ƙi zama cikin gida, shi da kansa ya zaɓi rumfar. Rokuzo ya san ƙarya ce. Ya shanye giyarsa.

Kafin ya tafi ya bar musu labari. Sabon akawun zai bi gidajen duk waɗanda ake kai wa shinkafa, ya gani da idonsa ko da gaske nakasassu ne, ko ma suna raye. An ce Rokuzo ya tsaya ya raka shi, tun da shi ya san fuskokinsu.

Da hantsin ranar da ake sa ran zuwansa, Kihei ya shigo rumfar da kansa, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya zo da sabuwar riga a hannu, muryarsa kamar zuma.

"Ƙanena, yau za a yi maka wanka. Riki ta ɗora ruwa. Za mu mayar da kai babban ɗaki. In mutumin ya zo ya ce kai ne Kihei, ka ce e. Abin da ka yi shekaru kana yi ne, ba sabo ba."

"In ya tafi fa?"

"In ya tafi sai mu zauna mu yi magana."

"Za a kira likita?"

"Za a duba."

Mosuke ya dubi rigar, ya dubi yayansa. Jikinsa na son wankan nan kamar me. Ya tuna ɗumin ruwa, ya tuna tabarma mai tsabta. Amma ya san kafin rana ta faɗi za a sake kama katifar a kai da ƙafa.

"Ku kai ni," ya ce. "Amma in ya tambaye ni, zan ce sunana Mosuke. Zan kuma nuna masa bayana."

Fuskar Kihei ta sauya.

"Kana so ka kashe gidan nan? Za su ce mu biya duk abin da muka karɓa. Surukanmu su ji, su ɗauke 'yarsu. Ni na ce a tura ka jirgi? Ni ma yaro ne a lokacin. Na zauna na riƙe gona, na yi jinyar iyayenmu, na binne su, kana can kana yawon duniya. Nawa aikin ba aiki ba ne?"

"Aiki ne, Yaya. Shi ya sa kake da mata da ɗa da gona. Ni ɗaki nake nema a haikali."

Kihei ya naɗe rigar, ya fita, ya danna sakata.

Tsakanin katakan rumfar akwai kafa mai faɗin yatsa biyu, tana kallon babban ɗaki. Saboda zafi an zuge ƙofofin duka. Mosuke ya ja jiki da gwiwar hannu har ya kai idonsa wurin. Ya ga Riki ta shimfiɗa katifa. Ya ga yayansa ya tuɓe rigar waje, ya hargitsa gashin kansa, ya kwanta. Riki ta rufe masa ƙafafu da bargo, ta jera kwalaben magani a gefen kansa. Aka aiki Sayo kasuwa.

Akawun ya iso, saurayi ne mai tsabta, da littafi a hammata. Rokuzo na biye da shi, kansa a ƙasa. Aka kawo shayi.

"Kai ne Kihei?"

"Ni ne, ranka ya daɗe," in ji Kihei da wata siririyar murya. "Ka gafarce ni, ba na iya tashi in gaishe ka."

"Kwanta abinka. A ina abin ya same ka?"

Kihei ya ba da labari. Ya faɗi yadda gajimare ya haɗo daga yamma, yadda igiyar ta yi ƙara kafin ta tsinke. Akawun ya ji daɗin hirar, ya tambaye shi tashoshin arewa. Kihei ya kwatanta masa su ɗaya bayan ɗaya: inda ruwa ke yin fari saboda yawan kifi, inda ake jiran iska har abinci ya ƙare, shekarar da suka sare turken jirgi suka jefa a teku don su tsira. Mosuke na ji. Labaransa ne, waɗanda yakan bayar a bakin murhu duk hunturu, yayansa na kishingiɗe yana sauraro. Har inda yakan tsaya ya ja numfashi, nan Kihei yake tsayawa.

Mosuke ya yi ƙoƙarin ɗaga murya, abin da ya fito bai wuce gurnani ba, don maƙogwaronsa ya bushe tun safe ba a kawo ruwa ba. Ya laluba ya ɗauki ƙoƙon abincinsa ya shiga buga katako. Ya buga, ya buga, da duk ƙarfin da ya rage masa.

Akawun ya waiwaya. "Mene ne wancan?"

"Wani tsohon baranmu ne," in ji Riki, ta sunkuyar da kai. "Ya samu taɓin hankali. Ba shi da kowa, mun kasa korarsa."

"Ga mai gida a kwance, ga kuma wani kuna riƙo? Lalle kuna da zuciya. Irinku sun yi ƙaranci." Ya juya wajen Rokuzo. "Kai ka yi aiki da shi. Shi ne?"

Bugun bai tsaya ba. Rokuzo ya dubi rumfar. Mosuke ya tabbata idonsu ya haɗu ta kafar nan.

"Shi ne," in ji Rokuzo.

Akawun ya rubuta, Kihei ya miƙo hannu daga cikin bargo ya buga hatimi. Da suka fita, Kihei ya jira har sawunsu ya ɓace, sannan ya yaye bargon ya miƙe, ya yi miƙa, ya ce bayansa ya ƙage, a ba shi abinci.

Can an jima Rokuzo ya dawo shi kaɗai ta bayan gida, ya tsaya jikin rumfar. Bai taɓa sakatar ba.

"Mosuke. Ka ji ni? Ba ni da yadda zan yi. In mun dawo da kaka zan san abin da na yi, na yi maka alkawari."

Ya ɗan tsaya, ya tafi, don jirgi ba ya jira.

Da yamma Riki ta kawo farar shinkafa, cike da ƙoƙo, har da yankan kifi a kai. Ta ce maigida ne ya ce a kawo masa, don ya san ba a riƙe shi a zuci ba. Mosuke ya so ya kifar da ita a yashi. Ya daɗe yana kallonta. Yunwa ta fi ƙarfinsa, ya cinye tas, yana ci hawaye na zuba cikin ƙoƙon.

Bayan wannan bai sake roƙon kowa komai ba. Zazzaɓi ya shige shi daga gyambon bayansa. Sayo kan saci jiki in surukarta ta tafi gona, ta zare sakata ta ɗiga masa ruwa a baki. Wani lokaci ya gane ta, wani lokaci ya ɗauka a jirgi yake, ya riƙa ce mata ta riƙe igiya da kyau. Ta roƙi mijinta ya yi wani abu. Shinkichi ya ce maganar manya ce, shi ba ya shiga tsakanin ubansa da ƙanensa.

Bai kai kaka ba. Sayo ce ta same shi da safe, ya ja jiki har bakin ƙofa, kuncinsa a kan yashi.

Aka binne shi ranar, ba taro. Kihei ya aiki ɗansa ofishin gari ya kai rahoto. Ma'aikacin ya tambayi sana'ar mamacin, Shinkichi ya faɗi abin da aka ce ya faɗa: ba shi da sana'a, a gidan wansa ya zauna duk rayuwarsa. Haka aka rubuta. A littafin masu jirgi kuwa babu abin da aka taɓa, tun da Kihei na nan da ransa. Da matuƙa suka dawo, Rokuzo ya je kabarin ya zuba giya, ya yi kuka. Bai hau gidan masu jirgi ba.

Buhu ya ci gaba da zuwa duk wata. Riki ta ce wa maƙwabta ai sun yi iyakar ƙoƙarinsu, wanda bai yi jinya ba ba zai gane ba. Maƙwabta suka ce gaskiya ne. Sayo ta ci gaba da dafa shinkafar, don aikinta ne, amma ita gero take ci, ko da ciki ya zo mata surukarta ta yi ta faɗa.

Abu ɗaya ne ya dami Kihei. Akawun yakan ratso garin ba sanarwa, ko ya aiko wani. Don haka katifar ba a sake naɗe ta ba, tana nan shimfiɗe a babban ɗaki da kwalaben magani a gefe. Yana gona ko yana hira a bakin hanya, da zarar an hango baƙuwar fuska ta hawo daga tasha, sai ya yar da abin da ke hannunsa, ya tattare riga, ya zura a guje ta lungu, ya tsallake shinge, ya faɗa ƙarƙashin bargo yana haki. Mutanen unguwa sukan tsaya su yi kallo. Suna cewa ba su taɓa ganin gurgun da ya kai shi gudu ba, su yi ta dariya har da riƙe ciki. Dariyar nan kuwa ita ce iyakar abin da wani a garin ya taɓa yi a kan maganar.